Maɗaurin da Bai Zagaye Hannu Ba

Duk wadda ta taɓa kai ɗinki shagon Anti Tela ta san ba ta iya sakaya zance ba in ana awo. Za ta zagaya miki tef a ƙugu, ta duba, ta faɗi lambar da ƙarfi har mai kitson da ke shagon gefe ta ji. In kika ce, "Haba Anti, ai bara ban kai haka ba," sai ta ce, "To bara ce za ta sa rigar ko ke?" A yi dariya, ke ma ki taya, don kin san in rigar ta fito za ta zauna miki cif. Amma tef ɗin nan bai taɓa zagaya jikin mai shi a gaban kowa ba. Anti Tela mace ce mai jiki tun tana yarinya, kuma duk a jikin ba abin da ta tsana kamar damatsanta. Hannun rigunanta kullum buɗaɗɗe ne, ga mayafi a kai ko da ana zafi kamar a mutu. Mutane sun ɗauka salo ne, har wasu na cewa a ɗinka musu irinsa.

Mijinta mai gyaran firji da fanka ne, ana ce masa Injiniya, ko da yake ba wanda ya san makarantar da ta ba shi sunan. Siriri ne, mai surutu, mai saurin yarda da mutum. Sun daɗe da aure ba haihuwa. Ciki biyu ta yi, duka suka zube kafin su yi ƙwari. Wannan na ukun ne ya wuce wata shida, yana motsi yana harbi, har Injiniya ya koma yin maganarsa ƙasa-ƙasa, wai kada baki ya kama shi. Ita kuwa tuni ta yanka 'yan riguna ta ɓoye a ƙarƙashin tarin yadin mutane. Ba abin da take roƙo a duniya illa cikin nan ya kai lokacinsa.

Asibiti ne dai ba ta son zuwa. Ba allura take gudu ba, ba layi ba. Duk ranar awo in aka zo gwada mata hawan jini, maɗaurin da ake naɗa wa kowa a damtse ba ya zagaye nata. Sai ma'aikaciyar ta leƙa baranda ta ɗaga murya, "A miƙo min babban nan." Matan da ke kan benci su waiwayo gaba ɗaya su ga wace ce ta babban. Ba wadda ta taɓa ce mata uffan. Kallo ne kawai, da ɗan murmushin da ake haɗiyewa. Matar da bakinta ba ya mutuwa a shago sai ka gan ta ta sunkuyar da kai tana wasa da zip ɗin jaka.

Ranar da likita ya ce jininta ya fara leƙa sama, kuma da irin abin da ya faru da ita a baya ba za a zauna jiran ranar awo kaɗai ba, sai aka tura ta wani ɗaki inda ake ba masu ciki aron na'urar gwada jini su tafi da ita gida. Ɗakin maƙil da mata. Wata ungozoma da kowa ke kira Sista, gajeriya mai tabarau, ta nuna musu komai dalla-dalla: a zauna a huta, a jingina baya, a ɗora hannu a kan tebur, a naɗa maɗaurin, a danna. Na'urar tana nuna lamba, a gefen lambar kuma akwai 'yar fitila.

"In kore ce, alhamdu lillahi," in ji Sista. "In ta nuna ja, ki ɗan huta ki sake. In ta ƙara nuna ja, ki kira ni ko ki taho kawai. Kada ki jira ciwon kai, kada ki jira mai gida ya dawo. Yanzu kowa ta gwada nata. Wadda bai zagaye ta ba ta ɗaga hannu, akwai manya a sito sai a ɗauko mata. Maɗauri in ya yi wa mutum kaɗan yakan ƙara lamba, ya tayar masa da hankali a banza."

Anti Tela ta cusa nata a ƙarƙashin mayafi. Tun kafin ta ja shi ta san amsar, idon tela ba ya buƙatar tef a kan irin wannan. Bakin ya kai da ƙyar, ya ɗan kama, sai ya ɓalle. Ta matse shi da hammata ta dubi ɗakin. Ba hannu ko ɗaya a sama. A layin gaba kuma ga wata mai kawo mata ɗinki, wadda ko wata ba a yi ba da ta faɗa mata lambar ƙugunta a bainar jama'a.

Sista ta iso kanta. "Anti, naki ya yi?"

"Ya yi, Sista."

Sista ta wuce ta gaba.

Da wata ce, da ta kwana da abin a ranta ta koma washegari a ɓoye. Amma tela ba ta ganin abu ya yi kaɗan ta zauna tana kallonsa. Da safe kafin kowa ya zo, ta shimfiɗa maɗaurin a kan teburin yanka ta shafa shi da yatsa. Rabinsa na da wata jakar iska a ciki, wannan ba ta taɓa ba. Sauran rabin ƙyalle ne kawai da wurin mannewa. Ta tono ragowar wani yadi mai kauri, shuɗi mai duhu, da ya rage daga kayan makarantar wasu yara. Ta yanka, ta ninka biyu, ta farke wurin mannewar ta matsar da shi gaba, ta hau keke ta bi shi da ɗinki layi biyu. Aikin ya yi kyau, sai ka ƙura ido za ka ga inda aka haɗa. Ta shige bayan labulen da mata ke gwada kaya, ta naɗa, ya zagaye har da saura. Ta danna. Na'urar ta yi gurnaninta, ta matse, ta saki. Kore.

Ranar har waƙa ta yi a kan keke.

Haka aka ɗan jima. Kullum da hantsi Injiniya zai kira daga wurin aikinsa, ana jin ƙarar guduma a bayansa. "Shugaba, yau wace kala?" Ta ce kore. Ya ce, "Allah Ya ƙara mana kore." Ya bi duniya yana ba da labari, har mai shagon da yake sayen waya a wurinsa ya san matar Injiniya ba ta fashin gwaji.

Sai wata safiya fitilar ta nuna ja.

Ta huta kamar yadda aka ce, ta sake. Ja. Ta ɗauki waya, har ta nemo lambar Sista. Sai ta dubi shuɗin ƙyallen da ke hannunta. In ta je, za a ce ta kawo na'urar. In ta kawo, za a warware maɗaurin a kan tebur a gaban kowa, a ga ta sa almakashi a kayan asibiti, a tambaye ta dalili. Ita da aka tsaya a kanta aka tambaya, ta ce ya yi. A nan maganar Sista ta faɗo mata: maɗauri in ya yi kaɗan yakan ƙara lamba. To ai shi ke nan. Jakar iskar ai ba ta ƙara ta ba, har yanzu ƙarama ce. Laifin maɗauri ne, ba jininta ba. Ta ajiye wayar, ta ji wani sanyi-sanyi a ranta wanda ita kanta ba ta gama yarda da shi ba. Ba ta tambayi kanta me ya sa maɗaurin nan bai ƙara lamba ba duk kwanakin da yake nuna kore.

Da Injiniya ya kira, ta ce, "Kore."

Kada wani ya ce ba ta son abin da ke cikinta. In ya yi shiru na ɗan lokaci sai ta tsayar da keke ta dafa, ba ta ci gaba sai ya harba. Kunya ce kawai, irin wadda ke ƙaruwa kullum. Da farko kunyar hannu ce. Daga baya ta zama kunyar ƙaryar da ta yi wa Sista, sannan ta ɗinkin, sannan ta koren da take faɗa wa mijinta kowace safiya. Duk ranar da ta wuce sai faɗin gaskiyar ya ƙara nauyi. Abin haushin ma, ba ta daina gwajin ba. Kullum sai ta shige bayan labule ta danna, tana addu'a, fitilar ta dube ta jawur, ta naɗe ta mayar cikin jaka.

Sista ta kira ta da kanta wata rana. "Anti, ya jikin? Na'urar tana aiki?"

"Tana yi, Sista, lafiya lau."

"Madalla. Ranar awo ki taho da ita, mu gwada ta da tamu mu gani ko bakinsu ɗaya."

Ranar awo Anti Tela ta ce wa Injiniya an ɗaga, ma'aikata na taro. Ya ce su dai ba su da aiki sai taro, ya ɗauki jakar kayan gyaransa ya fita.

Jikin kuwa ya fara magana. Takalminta ya daina shiga, ta koma silifas ɗin Injiniya. Yatsunta suka cika, har kunnen almakashi ke barin mata zane. In za ta zura zare a allura sai ta ga wasu ƙyalƙyali suna yawo a gabanta. Mai kitso ta leƙo wata rana da mataji a hannu, ta tsaya tana kallonta.

"Anti, cikin nan fa ya karɓe ki. Kin ga yadda fuskarki ta ciko kuwa?"

Da kyakkyawar niyya ta faɗa, da ɗan damuwa ma a muryarta. Amma Anti Tela ba kumburi ta ji ba, ƙiba ta ji. Ta ja mayafi ta ƙara rufe kafaɗa, ta ce, "Ke dai je ki ji da kan mutane." Mai kitso ta yi dariya ta koma.

Da rana tsaka abin ya zo. Tana auna wata mata a kafaɗa, ta duba tef, lambobin suka narke suka haɗe. Kanta ya sara kamar an buga ƙusa, wani ciwo ya tokare ta a ƙasan haƙarƙari. Ta lalubi kujera ba ta same ta ba, ta zauna a ƙasa cikin ƙyallaye. Matar ta fita da gudu ta kira mai kitso, mai kitso ta kira Injiniya. Ya iso hannunsa duk baƙin mai. Da ake sa ta a mota, shi ne ya koma da gudu ya ɗauko jakar na'urar daga bayan labule, wai ko za a nema.

A asibiti ba a sa ta layi ba. Ta ji wata murya sama-sama tana cewa a miƙo babban, ko a jikinta. Aka naɗa wanda ya yi mata daidai, aka gwada, aka sake gwadawa. Ta buɗe ido ta ga lambar. Ita ce dai wadda take gani a bayan labule, har ta ɗara. Likita ya ja Injiniya gefe, amma ta ji: jinin ya hau sosai, tana gab da jijjiga, in ba a ciro abin da ke cikin yau ba ana iya rasa su duka biyun.

Aka yi mata aiki. Mace ce. Ba ta gan ta ba, aka wuce da ita ɗakin jarirai aka sa a kwalba.

Washegari da la'asar, lokacin 'yan dubiya, ɗakin masu jego ya cika. Kowane gado da mutanensa, da kwanukan abinci, da kukan jarirai. Gadon Anti Tela ne kawai ba jariri a gefe. Tana kwance da ledar ruwa a hannu, sai ga Injiniya ya shigo, Sista na biye da shi, jakar na'urar a hannunsa. Idanunsa sun yi ja. Mutumin da ko kaza ba ya iya yi wa tsawa, yau sai ga shi yana ɗaga murya.

"Ga ta nan, ki tambaye ta. Matar nan ko rana ɗaya ba ta yi fashi ba. Kullum sai na kira, kullum kore. Ni mai gyara ne, Sista, na san inji in ya lalace. Kun ba mu mataccen abu muka zauna muna dogara da shi, ga 'yata can ko numfashi ba ta iya yi da kanta. Ki gwada shi a gabana. Daga nan ofishin shugaban asibiti zan wuce, sai an faɗa min wa ya duba shi kafin a ba mu."

Ɗakin ya yi tsit, cokula suka tsaya. Sista ta miƙo hannu. Ta karɓi jakar ta zuge, ta ciro maɗaurin ta warware. Yatsanta ya bi ta kan ƙyallen ya tsaya a kan ɗinkin. Ta juya shi, ta ga layi biyun. Ta ɗago ta dubi Anti Tela ta saman tabarau, kallo ɗaya, sannan ta naɗe shi a hankali yadda shuɗin ya shige ciki.

"Za mu duba, Malam," ta ce. "Ka je ofishin, hakkinka ne. Sunana na jikin rigata."

Da zagin ta Sista ta yi, da ya fi mata sauƙi. Anti Tela ta ji kunyar da ba ta taɓa jin irinta ba, wadda ta sa ta benci ta zama wasan yara. Matar da ta yi wa ƙarya sau biyu ce ke shirin ɗaukar laifinta ta kai ofis. Injiniya ya juya zai fita.

"Injiniya."

Ya tsaya.

"Na'urar lafiyarta ƙalau." Muryar ta fito da ƙarfi, irin ta shago, duk ɗakin ya ji. "Ja take nunawa. An fi sati biyu tana nuna ja, ni nake ce maka kore. Ranar awo ma ba a ɗaga ba, ni na ƙi zuwa. Sista, warware ki nuna masa."

Sista ba ta warware ba. Shi ya karɓa ya warware da kansa. Ya san ɗinkin matarsa ko a cikin dubu.

"Bai zagaye hannuna ba," ta ce. "Aka ce wadda bai yi wa ba ta ɗaga hannu a kawo mata babba. Na kasa ɗagawa. Sai na ƙara shi. Da ya fara nuna ja kuma na kasa kawo shi a gani."

Injiniya ya dubi maɗaurin, ya dubi hannunta da ke kan zanen gado, ba mayafi, rigar asibiti ta bar shi a fili. Ya daɗe yana kallo kamar yana neman inda matsalar take.

"Hannu?" ya ce. "Wannan hannun?"

Ta jira ya yi faɗa, ta ma so ya yi. Bai yi ba. Ya juya wajen Sista ya ɗan rusuna ya ce, "Ki yafe min, na ɗauki alhakinki." Ya ajiye maɗaurin a ƙarshen gado ya fita. Surutun ɗakin ya dawo a hankali, kowa na yi kamar bai ji ba.

Sista ta ja labule ta zagaye gadon, ta zauna a bakinsa. "Ni ma da nawa laifin," ta ce. "A gaban mutane na tambaye ki. Da na ja ki gefe na naɗa da kaina."

"Sista, faɗa min gaskiya. Da na zo tun ranar farko?"

Sista ta cire tabarau ta goge da bakin riga. "Ba zan ce miki da ba a ciro yarinyar da wuri ba, wannan Allah kaɗai Ya sani. Amma da mun ba ki magani, da mun yi miki allurar da ke ƙarfafa huhunta, wataƙila da mun ja mata wasu kwanaki a ciki. A wurin irinta kuwa kwana ɗaya ma ba ƙaramin abu ba ne."

"Za ta rayu?"

"Tana ƙoƙari. Ba mu sani ba tukuna."

Da aka cire mata ledar ruwa, Sista ta turo keken marasa lafiya ta kai ta ɗakin jarirai. A bakin ƙofa akwai famfo. Doka ce, duk mai shiga sai ya naɗe hannun riga ya wanke har sama da gwiwar hannu. Barandar cike da iyaye masu jira. Anti Tela ta tura hannun rigar har kafaɗa, ta saɓa sabulu ta wanke. Injiniya na tsaye can jikin gilashin taga, goshinsa a manne, bai waiwayo ba.

Kwalbar na da ƙananan ƙofofi biyu a gefe, inda ake zura hannu. Ta dube su da idon awo.

"Sista, hannuna zai shiga?"

"Zai shiga."

Ya shiga. Yarinyar na kwance a kan wani farin ƙyalle, fatarta ja, siririn bututu a hanci, ƙirjinta na hawa da sauka da sauri. Gaba ɗayanta, daga kai har ƙafa, ba ta kai girman damtsen da aka ɓoye ba. Anti Tela ta ɗora ɗan yatsa a tafin ƙafarta. Ƙafar ta ɗan janye, sannan ta dawo ta harbe ta, irin harbin da ta sani.

"Ni ce," ta ce a hankali. "Ni ce uwarki. Ki yi haƙuri, ni na fito da ke tun lokacinki bai yi ba."

Ta ɗago ta dubi taga. Injiniya na nan inda yake, idonsa a kan yarinyar. Ta bar hannun a ciki har Sista ta dafa kafaɗarta ta ce lokaci ya yi.